Ɗan Farina Ya Yi Mini Tafinta

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar Damagaram ba. Babbar mota ta kai ni Yamai, jirage biyu suka yi ta miƙa ni hannu da hannu, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Labarina ya fara ne daga inda na sauka, wato Jakarta, babban birnin Indonesiya, ƙasar da aka ce mini tsibirai ce zalla, duk inda ka miƙe ruwa ne zai tare ka.

Ɗan farina ne ya aiko mini da tikiti. Sunansa ba za ku ji shi a bakina ba, ba kuma za ku gan shi a rubutun nan ba. Haka muka taso a gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ranar da aka yaye shi yayata Hadiza, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi da shi Mirriya, can ya girma. Ita yake ce wa Inna. Ni Tanti yake ce mini yana yaro, kamar wata ƙanwar uwa, da na je Makka ya mayar da ni Hajiya. Ni kuma in ya zama dole in ambace shi, sai in ce Na-Yaya.

Burs ya samu, wato tallafin karatu, ya tafi, ya gama, ya kama aikin koyar da Faransanci, ya auri 'yar ƙasar mai suna Nur. Shekara tara bai tako gida ba. Yaya ta rasu yana can. Ana saura kwana uku in tashi, ƙanwarsa Rabi, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta zaunar da ni ta gaya mini abin da ya faɗa mata a waya. Ya ce: "Uwata tana kwance a maƙabartar Mirriya. Hajiya zan kawo ta ta huta sati biyu, in sauke nauyin haihuwa. Bayan haka me zan koma yi a Damagaram?" Ta ce har ya fara neman takardun zama ɗan can.

Na ce mata, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," na tashi na ci gaba da ɗaurin kaya. Amma wallahi maganar nan ta fi balis ɗin kayana nauyi. Kowa a unguwa cewa yake Hajiya za ta tafi yawon shaƙatawa bakin teku. Ni na san sati biyu gare ni, ko dai yaron nan ya gane yana da uwa a raye, ko in rasa shi ina ji ina gani.

Tun a filin jirgi kunyata ta fara jawo mini. Wani ma'aikaci mai hula ya karɓi paspo ɗina ya yi mini tambaya. Na gwada ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, bai ji ba. Allah ya taimake ni akwai wani Alhaji ɗan Maraɗi mai fataucin takalma da muka hau jirgi ɗaya, ya matso.

Ya ce, "Hajiya, cewa ya yi ki faɗi sunan wanda kika zo wurinsa."

Na ce, "Ɗan yayata ne."

"Sunansa ake tambaya."

Na shiga lalube a jaka ina neman takardar da Rabi ta rubuta mini, ashe na tura ta cikin balis. Layi ya yi tsawo a bayana, mutane sun fara tsaki da yarensu. Alhaji ya dube ni ya daɗe, sai ya rage murya ya ce, "Ɗan fari ne, ko?" Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya har da dafe ciki, ya karɓi wayata ya nemo saƙon Rabi, ya karanta wa mai hular sunan da bakinsa. Da muka wuce ya ce, "Hajiya, nan fa ba su san wannan ba. Ki ɗan sassauta, kar a mayar da ke gida a kan suna." Ya ja mini balis har ƙofa, ya shige cikin jama'a. Ko sunansa ban tambaya ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

A waje na hango shi. Ya yi jiki, furfura biyu-uku ta fito masa a gemu, tafiyarsa sak ta mahaifinsa. Mutanen ƙasar nan suna da wata al'ada: ƙarami ya kama hannun babba ya sumbata, ya ɗora a goshinsa. Yaron nan ya rusuna ya miƙo hannu biyu zai kama nawa, a gaban matarsa, a gaban duniya. Kafin in yi tunani hannuna ya shige cikin mayafi. Na dubi gefe na ce, "Mun same ku lafiya?"

Ya miƙe a hankali ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Ya hanya?"

Nur, 'yar siririya fara mai ɗan ciki wata biyar, ta kama hannuna ta sumbata, ta ce "Ibu," wato uwa a bakinsu. Ita na bar mata hannun, har na shafa kanta. Na ga lokacin da ya kalli hannun nan nawa a kan matarsa, sannan ya juya ya ɗauki balis.

Kwana biyar muka yi a Jakarta, kuma ban ji daɗinsu ba. Gari ne da ba ya ƙarewa. Gidaje etaj a kan etaj, wato bene kan bene, babura kuwa, duk kabu-kabun Damagaram in ka tara su ba su cika layi ɗaya ba. Zafinsu ba irin namu ba ne. Namu ya gasa ka ka bushe, nasu ya dafa ka, zufa tana zuba ba ta bushewa, zani yana manne maka a jiki. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da yamma. Nama ma sai sun zuba masa sukari, kai jama'a. Na yi kewar fura har na yi mafarkin ina damawa.

Shi kuwa bai rage ni da komai ba. Ya kai ni wata doguwar hasumiya muka hau na ga gari har ƙarshen gani, ya kai ni kantuna masu matakala mai tafiya da kanta, ya saya mini takalmi mai laushi. Kullum tambaya uku ce: "Hajiya, kin gaji? Hajiya, kina jin yunwa? Hajiya, za a koma?" Ladabi kamar na ma'aikacin otal. Da ya yi mini tsawa da na fi so.

Abin da ya riƙe ni kiran salla ne. Ko'ina ka juya ana kira, kuma iri ɗaya ne da na masallacin unguwarmu. Ran Juma'a Nur ta kai ni wani babban masallaci. Wata tsohuwa da ta ga ina ɗingishi ta ja ni kusa da ita, ta ciro wani mai mai ƙamshin kanumfari ta murza mini ƙafa da hannunta, tana ta magana ina ta amsawa, ba wadda ta ji ta wata. Da za mu rabu ta tura mini kwalbar a jaka.

Na zo da kuka da daddawa cikin ƙullin leda. Ran kwana na huɗu na kori Nur daga wurin girki, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, yaji ya ji, man shanu a sama, yadda na san yana so tun yana yaro. Da ya dahu na danƙa mata ludayi na yi mata alama ta zuba masa, ni na koma gefe da nawa kwanon. Malmala uku ya ci. Ya ɗago ya tambayi matarsa wani abu da yarensu, ta nuna ni. Ya ce, "Hajiya, an gode." Na ce, "Yaya ce ta taɓa cewa ana so." Ya ce, "Allah ya jiƙanta," ya tashi ya wanke hannu. Na zauna ina zagin bakina a zuci.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Jogja, garin iyayen Nur, kusan wuni guda ana tafiya. Nan ne na ga ikon Allah. Kore ko'ina, gonakin shinkafa a jere har gindin duwatsu, ruwa kwance a fili ba mai waiwayensa. Na tuna yadda muke jera bidon ɗiban ruwa a bakin pompo a Birni tun asuba, mata har da dambe a kan layi. Na so in juya in ce masa, "Ka ga ruwa?" Yana zaune kusa da ni, kafaɗarsa tana taɓa tawa in jirgi ya karkata. Maimakon haka sai na taɓa Nur na nuna mata taga, ita da aka haifa a cikin ruwan.

Iyayenta mutanen kirki ne, gidansu ƙarami mai tsabta, kaji a bayan gida kamar namu. Amma uwarta ta ba ni mamaki. Babban ɗanta, ƙato mai 'ya'ya biyu, yana shigowa ta rungume shi, ta kira sunansa har sau uku, ta ɗebo abinci da hannunta ta sa masa a baki. Na ce a raina, wannan wace irin rashin kunya ce. Sai dai in faɗi gaskiya, ban iya ɗauke ido daga kansu ba.

Muna cin abinci uwar Nur ta yi mini tambaya tana murmushi. Yaron nan shi ne tafintanmu, don ba wanda ya iya Hausa sai shi. Ya ce, "Tana tambaya wai yaya nake ina yaro, ko na yi ƙiriniya."

A wurinmu amsar wannan tambaya ɗaya ce, kowace uwa ta san ta. Na ce, "Ni ina na sani? Ba ni na rene shi ba."

A Birni da mata sun yi dariya sun ce Hajiya akwai kara. Nan kuwa ya juya ya fassara musu kamar yadda na faɗa, da murya shimfiɗe, bai ƙara ba bai rage ba. Murmushin matar ya ɓace. Mijinta ya yi gyaran murya ya miƙo mini kwanon kifi. Nur ta sunkuyar da kai, ta kasa gama abincinta.

Washegari da hantsi na yi wautar da har yau nake jin haushinta. Garin Jogja ya shahara da wani yadi mai zane da suke kira batik, mai kyan shi da hannu ake zana shi da kakin zuma. Ni kuwa shekara talatin ina sayar da atamfa da shadda, na ce ba mai koya mini yadi. Na saɓi jaka na fita ni kaɗai ba sallama. Wani mai keken ɗaukar mutane ya tare ni da fara'a, yana ta "Hajja, Hajja, batik," ya kai ni wani shago can cikin lungu. Aka zaunar da ni, aka kawo shayi, har aka nuna mini wata mata tana zane da ɗan cokali. Na zaɓi wani ruwan ƙasa mai duhu, irin na maza, na yi ciniki da yatsu har na ga na ƙure su. Na dawo ina taƙama.

Nur ta karɓa ta juya bayan yadin, sai ta rufe baki. Bayan fari ne fat. Na hannu gaba da baya ɗaya suke, wannan bugun inji ne, kuma kuɗin na hannu na biya. Ni da nake juya bayan atamfa kafin in gaisa da mai ita, shayi da "Hajja" suka mantar da ni. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Kuma an ce wanzami ba ya son jarfa, na tuna 'yan ƙauyen da na taɓa yi wa zaƙin baki a kasuwa, na yi istigfari.

Shi ba yadin ne ya dame shi ba. Ashe awa biyu yana zagaya unguwa a kan babur yana nemana. Ya shigo rigarsa jiƙe, ya ce, "Hajiya, don Allah kar ki sake fita ke kaɗai. In kika ɓata, me zan ce wa 'ya'yanki?"

'Ya'yanki. Na ji kalmar nan har cikin ƙashina. Ya nuna yadin ya ce, "Na wa ne?" Nasa ne, don shi na fita. Na ce, "Na mijin Rabi ne."

Kwana uku na ƙarshe aka ware wa bakin teku. Mota ta bi da mu ta kan duwatsu zuwa kudu, muka sauka a wani ƙaramin masauki na wata dattijuwa, ɗakunan katako suna fuskantar ruwa. Ni babban ruwan da na sani shi ne tafkin Gidimuni. Da na ga wannan sai na ja na tsaya. Ba shi da ƙetare. Yana tasowa ya fi tsayin katangar gidanmu, ya faɗo da ƙara, ya ja baya, ya sake tasowa, ba hutu. Masunta suna tura jiragensu cikinsa kamar ba komai ba. Na karanta duk abin da na iya.

Da la'asar sakaliya na yi wanka na ɗaura atamfata kore, wadda na ajiye musamman don hoton da Rabi ta ce in ɗauko mata. Ina fitowa dattijuwar masaukin ta taso tana kaɗa hannu, tana nuna zanina tana nuna ruwa. Nur ta yi bayani, shi ya fassara: wai a wannan gaɓar ba a sa kore, akwai sarauniyar ruwa da kore launinta ne, duk wanda ya sa tana iya janye shi.

Na ce, "La'ilaha illallahu. Musulmi da salla biyar, da wannan camfi? Ka ce musu ni Allah kaɗai nake tsoro. Mutum ya ɗaure kansa da abin da ba aya ba hadisi, don kawai ya tarar kakanninsa suna yi?"

Bai fassara ba. Ya tsaya yana kallona, karo na farko da ya dube ni ido cikin ido tun zuwana.

Ya ce, "Hajiya, naki fa? Wace aya ce ta hana ki kiran sunana?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Kai, ni kake gaya wa haka?"

Ya ce, "Shekarata talatin da takwas. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Na miƙo hannu kin ɓoye naki. An tambaye ki yarintata kin ce ba ki sani ba. Na yarda, ba ki sani ba. Ita dattijuwar nan tsoro take kar ruwa ya ci ki. Ke me kike tsoro?"

Ya juya ya bi yashi ya tafi. Na koma ɗaki, na cire koren zanin na ɗaura wani. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na mutane. Na yi fushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, har na ce a raina ƙasar nan ta lalata shi, ɗan da aka haifa a Birni ba ya tsayawa ya titsiye uwarsa. Amma bayan fushin ya kwanta sai na ga abin da ban taɓa lissafawa ba. Kunyar nan tamu tana tafiya ne da jama'a. A gida in uwa ta kau da kai, akwai kaka da gwaggo da maƙwabta da za su ja yaro gefe su ce, "Kai, kar ka ga haka, uwarka ba ta barci saboda kai." Shi Yaya ce kaɗai take gaya masa, in ma ta gaya masa, kuma Yaya ta tafi. Na ɗauko rabin al'ada na ƙetare ruwa da ita, na bar ɗaya rabin a gida. Saura kwana biyu in hau jirgi.

Da safe bayan an karya, ina zaune a kan wani benci ƙarƙashin bishiyar kwakwa, sai ga Nur ta jawo shi da hannu. Ta zauna kusa da ni, ta nuna masa ƙarshen bencin. Ya zauna ya ba mu gefe, fuskarsa tana kallon ruwa. Ta yi magana a hankali, idonta ya yi ja.

Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ta ce in tambaye ki, ko don ya aure ta ne kike fushi da shi." Haka ya faɗa, "shi," kamar zancen wani ake yi.

Nan Allah ya buɗe mini ƙofa. Ba zan iya duban ɗan farina in gaya masa abin da ke cikina ba, ko za a yanka ni. Amma ba wanda ya hana ni hira da surukata. In kuwa tafinta ya ji, ai ba da shi nake ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na juya na kama hannun Nur, na dube ta ita kaɗai.

Na ce, "Ka ce mata ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ka ce mata na yi wa uwarta ƙarya, ta ba ta haƙuri. Na san yarintar mijinta. Ya yi ƙiriniya, ya taɓa faɗowa daga kan tsamiya ya fasa haɓa, tabon yana nan ƙarƙashin gemu."

Ya fassara. Nur ta kai hannu za ta taɓa gemun, ya kauce.

Na ce, "Ka ce mata kasuwar Mirriya ran Lahadi take ci. Shekara goma sha biyu ban fasa ta ba, ko da ciki ko da goyo. Ba ciniki ke kai ni ba, mutanen can ba su sayen irin kayana, har mahaifinsa yana yi mini dariya. Yaya tana sayar da albasa, shi yake ɗauko mata kwando. Na kafa rumfata daura da tata. In ya dubo ni sai in hau auna yadi."

Ya fassara, amma muryarsa ta fara sauka.

"Ka ce mata duk rigar sallar da Yaya ta taɓa ba shi, ni na yanko yadin, kuma ban taɓa kuskure awonsa ba, da ido nake aunawa daga rumfa. Yadin da aka cuce ni a kansa ma ba na mijin Rabi ba ne."

Ya faɗa mata. Nur ta matse hannuna.

Na ce, "Ka ce mata yana shekara shida ƙyanda ta kama shi, har an fara fitar da rai. Na ce wa uwar mijina zan je barka, na hau mota. Na iso na tarar tsakar gida cike da dangin mijin Yaya, na kasa shiga. Na tsaya a bayan darnin kara ina jin tarinsa. Yaya ta leƙo ta ce in shigo, na ce wucewa na zo yi. Washegari na dawo na tsaya a wurin. Rana ta uku Yaya ta sallami kowa, ta fito ta finciko ni ta tura ɗaki ta ja ƙofa. Na ɗora shi a cinya daga azahar har la'asar, jikinsa kamar garwashi. Can ya buɗe ido, bai gane kowa ba, ya ce, 'Inna.' Ya zaci Yaya ce. Na amsa. Sau ɗaya ke nan ya taɓa kirana haka, kuma shi nake ta juyawa a raina shekara talatin da biyu."

Na jira ya fassara. Bai fassara ba. Nur ta taɓa shi ta tambaye shi da yarensu, ta sake tambaya. Ya ɗaga mata hannu kawai. Ban dube shi ba, amma ina ganin kafaɗarsa ta gefen ido tana rawa. Ni ma hawaye suna zuba, na bar su, don iskar teku tana da gishiri, kowa zai iya cewa ita ce.

Na ƙara da cewa, "Ka ce mata in Allah ya sauke ta lafiya, ta kira ɗanta da sunansa, ta rungume shi a gaban kowa. Ni bakina ya riga ya ƙage, ba zai buɗe yanzu ba. Amma ba don babu ba ne."

Muka zauna a haka mu uku. Masunta suka dawo, mata suka taru suna zaɓar kifi, wani mai sayar da ruwan kwakwa ya zo ya ga fuskokinmu ya wuce bai yi tallar ba. Na sa rai zai tashi ya tafi kamar jiya. Na ce a raina, na faɗi nawa, saura na Allah.

Can ya share fuska da hannun riga, ya yi gyaran murya. Har yanzu ruwa yake kallo.

Ya ce, "Ta ce a tambaye ki, in an haihu an yi arba'in, ko akwai ɗaki a gidan Birni da za a sauka."

Ina riƙe da hannun Nur, ina kallon fuskarta. Yarinyar nan ba ta buɗe baki ba.

Na ce, "Ka ce mata akwai. Sai dai yana yoyo ta kusurwar gabas, a gaya wa mai ɗakin ya zo da wuri a yi yaɓe kafin damina."